Sandar Tomé

Da asuba wayar Tomé ce ke fara shigowa,
kafin ta minista, kafin ta 'yan jarida.
Yana tsaye a gaɓar Buzi, wando naɗe zuwa gwiwa,
gaban sandar da muka kafa bara
muka shafa mata fenti kala uku.
"Dona Felizarda, ruwa na kan kore."
Sai shayi ya wuce mini maƙogwaro.

Ni ina Maputo, hawa na huɗu,
ƙasar gaba ɗaya kafe a bango da ƙusa.
A takarda, kogi zare ne shuɗi,
ba ya ruri, ba ya ɗauke saniya.
Kwale-kwale goma sha ɗaya gare ni
na raba wa gundumomi talatin.
Uku injinsu ya mutu,
ɗaya wani babba ya ara ya tafi kamun kifi.

Da rani aikina roƙo.
In hau benen ma'aikatar kuɗi da takardun gyaran gada,
su leƙa taga, su ga rana ƙwal,
su ce in dawo in hadari ya haɗu.
Na gaya musu ba a fafe gora ranar tafiya
har bakina ya yi tsami.

Wata Talata cikin Fabrairu
muryar Tomé ta zo da iska a bayanta:
"Ya cinye ruwan ɗorawa. Saura taki ɗaya ya taɓa ja."
Masu hasashen yanayi suka ce guguwa na tasowa daga teku,
wataƙila ta sauka Beira,
wataƙila ta karkata.
Wataƙila.
Da wannan kalma aka bar ni,
ita da mutum dubu arba'in.

Na sa hannu.

Rediyo ya faɗa da Ndau, ya maimaita da Sena.
Celestina ta ɗaure lasifika a kan keke
ta bi gonakin shinkafa har muryarta ta dishe.
Ƙararrawar coci ta ɗauka,
ladanin masallacin kasuwa ya ɗauka.
Tsoho Mapossa ya zauna a ƙofar bukkarsa,
ya ce ba inda za shi sai da awakinsa bakwai.
Ba layin awaki a cikin tsarin da na rubuta.
Malamar makarantar kan tudu ce
ta kwashe bencina, ta ba su aji uku.

Kwana uku suna can a takure,
tukunya ɗaya, jarirai, tarin tsofaffi.
Sai guguwar ta juya kudu,
ta je ta mutu a teku ita kaɗai.
Kogi ya lashi jan fenti, ya koma.

Suka sauko suka tarar an kwashe kaji,
shinkafar da aka shanya ta tsiro.
Jarida ta ce an tashi talakawa a banza.
Minista ya kira:
"Nawa aka kashe?"
Na ce, "Ko ɗaya."
Ya ce, "Kuɗi nake nufi."

Ban gaya masa ba,
shekarar da ba wanda ya sa hannu
uwata ta kwana biyu a kan itacen mangwaro.
A safiya ta uku masu jirgi suka iso,
suka samu zanenta ɗaure a reshe.
Yana cikin aljihun teburina,
ƙarƙashin hatimi.

Ba wanda ke zuwa ta'aziyyar da ba a yi ba.
Ba kabari, ba hoto, ba abin nuna wa majalisa.
Mapossa ma, an ce, ya rantse
in an sake kira ba zai motsa ba,
sai dai in ajin nan za a sake ba shi,
don akuyarsa ta haihu a can, tagwaye.

Yau da asuba waya ta yi ƙara.
"Ruwa na kan kore, Dona.
Amma jan ya fara ɓarewa, ba ya ganuwa da dare."

Na jawo takardar kasafin baɗi,
a ƙasan gada, a ƙasan injin jirgi,
na rubuta:
fenti ja, gwangwani ɗaya.